Tarin da mura ta bari a ƙirji: me kuka yi a gida?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Yau kwana 11 ke nan maigidana yana tari. Mura ce ta fara, da ta tafi sai ta bar masa tari mai kaki, in ya kwanta har ƙirjin kana jin yana ƙara. Likita ya saurari ƙirjin ya ce huhun lafiya lau, bututun da iska ke bi zuwa huhu ne suka kumbura, wai burankaitis. Farasitamol kawai ya rubuta, ya ce a sha ruwa a huta. Shi kuwa gani yake an raina masa ciwo. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka yi?

Direban Tasha: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaya wa Alhaji ni ma haka na ji bara da hunturu. Na wuce kyamis, yaron ya haɗa min Ampiclox na kwana biyar. Tarin ko gezau, sai gudawa da na samu a kai. Sai da na cika sati uku cur kafin ya sake ni. Abin da na ga amfaninsa shi ne takunkumi a hanya saboda ƙura, da fulas na ruwan ɗumi kusa da giyar mota, ina kurɓa duk sanda maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi.

Anti Nas: Malam Direba, ba a yi maka adalci ba, amma labarinka shi ne na yawancin mutane. Galibin wannan ciwo ƙwayar bairos ce ke kawo shi, irin ta mura, su Ampiclox kuwa bakteriya suke kashewa. Mutane na tsorata in kakin ya koma kore ko rawaya, alhali launin shi kaɗai ba ya nuna ana buƙatar maganin. Zazzaɓi da ciwon jiki kan tafi cikin 'yan kwanaki, tarin ne mai naci, sati uku ba abin mamaki ba ne, domin fatar cikin bututun a hankali take warkewa. Ruwan da aka ce Alhaji ya sha, shi ke tsinka kakin ya fita da sauƙi. Kar kuma ya nemi maganin da zai danne tarin gaba ɗaya, tarin ne tsintsiyar da ke share ƙirjin. Balle mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018.

Kakar Ummi: Mu dai tun muna yara citta da kanumfari ake dafa mana, a sauke, a matse lemun tsami, a sa zuma cokali guda. Har gobe shi nake sha kafin kwanciya, kuma ina samun barci. Ki ƙara masa filo, kan ya ɗara ƙirji. Sai sirace, ki lulluɓe shi da bargo.

Maman Ɗan Auta: Inna, a yi min afuwa, zancen siracen nan ne ya sa na yi magana. Yarona yana shekara uku na lulluɓe mu tare da roba cike da tafasasshen ruwa. Ya zabura, ya shure robar. Tarin ya warke da kansa cikin kwana goma, ƙunar cinyar kuwa wata biyu muna zaryar wankin ciwo, tabon na nan har yau. Babba in yana so ya yi, a sa kwanon a kan tebur, ruwan ya ɗan huce. Yaro kam a'a.

Kakar Ummi: Subhanallahi! Allah ya kiyaye gaba, 'yata. Na karɓi gyara.

Anti Nas: Zumar ma haka, tana lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. In yaro ne ke tarin, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Ko a ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja numfashi, to wannan ya wuce jinyar gida, nimoniya ake tsoro.

Tela Mai Keke: Ni nawa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ashe a ɗaki nake ciyar da shi. Igiyar leko duk dare, uwargida ga turaren wuta, ga kaskon gawayi saboda sanyi, taga a rufe ruf. Da muka koma gidan sauro muka fitar da kaskon, cikin kwana huɗu na daina tashi tsakar dare. Gawayin ma daga baya na ji yana kashe mutane a rufaffen ɗaki ba tare da sun farka ba. Turaren ne dai sai da aka kai ruwa rana.

Yayan Marayu: Ban zo in tayar miki da hankali ba, Maman 'Yan Biyu. Ƙanina wata biyu muna cewa sanyi ne, muna ta zuma da citta. Yana ramewa, yana jiƙa riga da gumi cikin dare, ba mu farga ba sai ranar da muka ga jini a kakin. Tarin fuka ne. Gwajin kakin kyauta aka yi masa a asibitin gwamnati, maganin ma kyauta, wata shida yana sha, yanzu garau yake. A can suka ce mana duk tarin da ya kai sati biyu a kawo kaki a gwada. Ku kuna kwana 11, ki riƙe lissafi.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka, na Malam Direba har sau biyu. Turare na ɗauke shi daga ɗakinsa tun jiya, cittar Inna kuma tana kan wuta. Ba ya zazzaɓi, yana cin tuwonsa. In Alhamis ta yi bai lafa ba, da kaina zan raka shi gwajin kakin, ko da yana gunaguni.