Neman shawara: na ɗauko gwaggon da marubuciya ta manta da ita

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar Islamiyya ce a wani ƙauye kusa da Jahun, kuma shawara nake nema a kan rubutun da na fara bayan ƙaramar salla. Akwai wani tsohon littafin soyayya da na tsinta a kwalin yayata, bangonsa duk ya yage, kuma har yau ban haɗu da mutum goma da suka karanta shi ba. Jarumar littafin ba ta taɓa damuna ba. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce gwaggonta, bazawara mai sayar da fura, wadda sau biyu kacal aka nuna ta tana magana da wani tela, a karo na biyun ma ƙin karɓar kuɗin ɗinki ya yi, ya ce ragowar zare ne ya yi amfani da shi. Marubuciyar ba ta sake waiwayarsu ba, ni kuwa na rubuta musu babi tara a waya, ina turawa idan an dawo mini da ita daga wurin mai caji. Masu karantawa bakwai ne. Ƙawata ta ce ɓata lokaci nake yi, gara in yi rubutu a kan jaruman finafinai masu dogon zango da kowa ya sani. Shin in ci gaba, kuma wannan ba sata ba ce?

Maman Hanif, Ringim: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kike yi yana da suna, Turawa suna ce masa fanfik, wato mai son labari ya ɗauki mutanen ciki ya ƙara musu rayuwa. Dandalin Archive of Our Own, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, galibi wannan ake yi a cikinsa, har ya ci kyautar Hugo, wata babbar lambar yabo ta adabin ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, a 2019. Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne musayar labarai da ake kira Yuletide, wadda aka fara a 2003, inda kowace shekara mutum yakan rubuta wa wani labari kyauta, bisa sharaɗin cewa littafin ko fim ɗin ya zama wanda ba a yi rubutu da yawa a kansa ba. Ke nan ƙarancin masoya shi ne tikitin shiga. Dalilin a fili yake: jarumin da kowa ya sani an riga an yanke masa hali, idan kika kauce kaɗan za a yi miki ca, amma gwaggonki da telanta fili ne da babu wanda ya taɓa nomawa. Kuma mutum bakwai ɗin nan, na tabbata babu wadda take tsallake layi.

Malam mai ritaya, Birnin Kudu: 'Yata, sake ɗinka labarin da aka gada ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowace tsohuwa da irin Gizo da Ƙoƙinta, kuma Abubakar Imam da kansa, a Magana Jari Ce da aka buga a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus ya sa musu rigar Hausa. Sai dai Gizo ba shi da mai shi, gwaggonki kuwa tana da. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bar wa marubuci ikon sarrafa aikinsa zuwa wata siga. Saboda haka ki rubuta sunan littafin da na mai shi a saman kowane babi, kada ki karɓi ko sisi, kuma ki nemi marubuciyar ko iyalanta ta hanyar ƙungiyoyin marubuta na Kano ko Dutse. Idan ta ce ba ta so, ki dakata, ko da ranki bai so ba.

Anti mai rubutu, Wudil: Ni ban yarda da duk abin da aka faɗa ba. Ƙaramin zaure yana da daɗi, amma daɗin nan ne matsalarsa, domin mutum bakwai da suke ƙishirwar labari ɗaya ba za su taɓa gaya miki cewa babi na biyar ya yi sanyi ba, tsoro suke kada ki daina. Sannan ki duba da kyau, bazawarar da aka ba layi huɗu a littafi, ke kuma kika ba ta babi tara, ai kusan duk jininta naki ne. Da kin canja mata suna da sana'a, da littafinki ne halak malak, ki sa a Wattpad, dandalin da marubuta ke sa labaransu a intanet, ko ki sayar ba tare da neman izinin kowa ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, zan sa sunan mai littafin daga yau, kuma na roƙi wani ɗan'uwana da ke Kano ya bincika mini inda take. Anti, maganarki ta hana ni barci, har na gwada mayar da gwaggon mai ƙosai, telan kuma mai gyaran keke, amma da na zo wurin ragowar zaren nan sai na kasa, domin a shafi na 63 na wancan littafin na same shi, kuma saboda shi na fara. Babi na biyar dai na tura miki ta akwatin sirri, ki duba mini shi ba sani ba sabo.