Shin Tadeusz Kantor marubucin wasan kwaikwayo ne?

Malamin adabi: Ina nan a kan bakana cewa Tadeusz Kantor, ɗan ƙasar Foland da aka haifa a 1915, mai zane ne da ya hau dandamali, bai kai a kira shi marubucin wasan kwaikwayo ba. Marubuci yana barin rubutun da wasu za su ɗauka su shirya bayan ransa, shi kuwa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Cricot 2 da ya kafa tare da abokansa a Krakow a 1955 ta daɗe tana jingina da wasannin wani marubucin Foland mai suna Witkiewicz, kuma ba ta jima ba ta watse bayan rasuwarsa a Disamba 1990.

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, na kalli wasansa na 1975, Umarła klasa, wato Mataccen Aji, a fim ɗin da Andrzej Wajda ya ɗauka, kuma har yau bai bar zuciyata ba. Tsofaffi ne zaune a kan bencinan makaranta na katako, suna ɗaga yatsa kamar yara masu neman izini, sannan su shigo ɗauke da mutum-mutumin yara, kowa da yarintarsa da ta mutu, Kantor kuma yana tsaye a gefe cikin baƙaƙen kaya yana juya su da hannu. Wanda ya tsara wannan daki-daki ai ya rubuta wasa, ko da ba da baƙaƙe kaɗai ya rubuta shi ba.

Malamin adabi: 'Yata, tsayuwar tasa a gefe ita ce hujjata, domin idan aka cire shi wasan ya rasa ginshiƙinsa.

Mai shirya wasa: Malam, da girmamawa, ka tsallake Wielopole, Wielopole na 1980, wanda ya gina a kan garin haihuwarsa da danginsa, har da mahaifinsa da ya tafi yaƙin duniya na farko bai koma wa iyalinsa ba. Wannan labarin ba aron kowa ba ne. Ya kuma bar rubutattun tsare-tsaren wasanninsa, suna ajiye a cibiyar Cricoteka da ke Krakow.

Malamin adabi: Na karɓi maganar Wielopole, domin labarin nasa ne ba shakka. Sai dai ina son a nuna mini ƙungiyar da ta ɗauki waɗannan takardu ta shirya wasan ba tare da kwaikwayon motsinsa ba, kafin in janye maganata gaba ɗaya.