Jarumina ya shiga taro, na kasa fito da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Wata biyu ke nan babi guda ya tsaya mini a wuya, ina neman shawararku.

Jarumin labarina mutum ne mai sanyin hali, ko kaza bai taɓa yankawa ba. A wannan babin sai ya tsinci kansa cikin gungun mutane suna bin wani da ake zargi da sata, har ya kai ga shi ma ya ɗauki dutse. Na karanta cewa tun 1895 masanin nan na Faransa, Gustave Le Bon, ya yi bayanin yadda mutum kan daina jin nauyin laifi a cikin taro, domin ba wanda zai nuna shi da yatsa. Wannan na fahimta. Rubuta shi ne ya gagare ni.

Da na bar shi yana cewa "na ga", "na ji", sai ya koma ɗan kallo mai cikakken hankali, jifan kuma ya zama ƙarya. Sai na juya zuwa "muka ruga", "muka yi ihu", na cire sunansa gaba ɗaya, na gajarta jimloli. Ya yi ƙarfi sosai, har tsigar jikina ta tashi. Amma wadda ta karanta mini ta ce daga nan ta daina tausayinsa, domin ba ta ganinsa.

Ni kuwa so nake a ji lokacin da "ni" ke narkewa ya zama "mu", a kuma san hannunsa ne ya yi jifan. Don Allah, a wace jimla ya kamata sauyin ya faru? Kuma me zai dawo masa da sunansa bayan taron ya watse?