Rumman: yaya ake gane mai zaƙi?

Baƙuwar Makka:
Assalamu alaikum. Watana huɗu da tarewa a Shara Mansur. Jiya maigida ya shigo da kwalin rumman daga kasuwar Ka'akiyya, ni na ce masa ya zaɓo jajaye wur. Wallahi tsami kamar tsamiya, ga ɗaure baki. Garin ɓarewa kuma farin mayafina ya tashi aiki. A Kano ban taɓa saya ba, a Suratur Rahman kawai na san sunansa. Yaya kuke zaɓa? 'Ya'yan kuma haɗiyewa ake ko tofarwa?

Hajiyar Jidda:
Wa alaikumus salam, 'yata. Jan bawo ne ya ruɗe ki. Na Ɗa'if da ake ji da shi sau da yawa bawonsa ruwan ɗorawa ne da ɗan ja-ja, ba kyan gani, amma ciki zuma. Ɗauki biyu masu girma ɗaya ki jinjina, wanda ya fi nauyi shi ne mai ruwa. Nunanne kuma ba ya zama sumul kamar lemo, za ki ga gefe-gefensa ya yi tudu don 'ya'yan sun cika sun turo bawon. Kada ki ajiye shi wai ya ƙarasa nuna, ba mangwaro ba ne, yadda aka tsinko shi haka zai zauna. 'Ya'yan ni taunewa nake in haɗiye, suna taimakon ciki.

Direban Hada:
Hajiya ta gama magana. Ni kullum ina kan hanyar Ɗa'if, daga Agusta zuwa Oktoba ne kakarsa, ta yankin Baha da ke kudu da Ɗa'if ma haka. In aka ce miki "Ɗa'ifi" a watan Maris, yi murmushi ki wuce. Na Sa'ada da ke zuwa daga Yaman ma ba laifi. Ni dai ba na biyan riyal ɗaya sai an fasa mini guda na ɗanɗana.

Maman 'yan biyu:
Ƙanwata, maganin tabo ruwa ne. Yanke hular saman, ki tsaga bawon ta kan tudun nan, ki ɓare cikin roba cike da ruwa. 'Ya'yan za su nutse, farin ɓargon mai ɗaci ya taso. Masu tsamin kuma kada ki zubar. Matse ruwan ki dafa da ɗan sukari har ya yi kauri, shi ne dibis da Larabawa ke zubawa a salak. Amma in maigida na shan maganin tsinka jini, ya tambayi likita kafin ya mai da ruwansa abin sha kullum.

Baƙuwar Makka:
Allah ya saka. Saura tara a kwalin, na ɗora tukunya. Mayafin fa?