Bidiyon masa na minti 14 ya kai giga 1.8, yaya zan rage shi?

Maman Ilham, Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan waya. Wata huɗu ke nan da na fara ɗora bidiyon girki a YouTube, ina koya wa ƙannenmu amare abincin gargajiya. Ranar Asabar na ɗauki na masa, tun daga jiƙa shinkafa da markaɗe har zuwa juya ta a tanda. Na yanke, na haɗa, ya tsaya a minti 14. Da na duba girmansa sai na ga giga 1.8.

Na sayi datar dare na fara ɗorawa ƙarfe sha biyu. Kwana na yi ina leƙa waya. Ya kai wajen kashi 70 sabis ya yanke, kafin ya dawo an kira sallar asuba, datar kuma ta ƙare. Washegari na sauke wata manhajar matse bidiyo, ta mayar da shi mega 60. Na yi murna, amma da na kalla sai raina ya ɓaci. Ramukan nan ƙanana da ke fitowa a saman masa, waɗanda ke nuna ƙullu ya tashi, babu su, komai ya zama dishi-dishi. Alhali su nake son amarya ta gani, don da su za ta san lokacin juyawa ya yi.

Wayata Android ce. Maigida yana da kwamfuta amma sai ƙarshen mako yake dawowa da ita. Don Allah wace hanya zan bi?

Na Farm Centre, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a wannan aiki. Kullum sai an kawo mana irin wannan a shago, kuma lissafi ne kawai.

Girman bidiyo abu biyu ne ke haifar da shi: tsawonsa, da yawan bayanan da ake zubawa a kowace daƙiƙa, wanda muke kira bitiret. Da megabit ake auna shi: megabit 8 a daƙiƙa shi ne mega ɗaya a daƙiƙa, wato mega 60 a minti. Naki daƙiƙa 840 ne, ya kai giga 1.8, ke nan yana tafiya a wajen megabit 17. Manhajar da kika sa kuma ta jefa shi ƙasa da megabit ɗaya. Wancan ya yi yawa, wannan ya yi kaɗan ƙwarai, shi ya sa ramukan masar suka ɓace.

YouTube da kansu sun faɗi abin da suke so. Bidiyon 1080p (lambar girman hoto ce, ya fi 720p fitowa tas) mai firem 30, wato hotuna 30 a daƙiƙa, megabit 8. Na 720p, megabit 5. Idan firem 60 ne, 1080p yana komawa 12. Don haka naki a megabit 8 zai tsaya kusan mega 840, a 720p kuma kusan 525.

Ba sai kin jira kwamfuta ba. Koma manhajar da kika haɗa bidiyon, ki buɗe aikin na asali, kafin ki fitar ki duba saitin. A CapCut misali za ki zaɓi 1080p, ki sa firem 30, ki rage bitiret, a nan ƙasa yana nuna miki kiyasin girman. Kar ki ɗauki mai mega 60 ɗin nan ki ce za ki gyara shi. Abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa.

Ɗan Damagaram

Sannu Hajiya. Malam na Kano ya yi bayani mai kyau, zan ƙara na kwamfuta tunda kin ce tana zuwa gida. Ni karatun malaminmu nake ɗauka kowace Juma'a a nan Zinder, sa'a ɗaya da wani abu, kuma shekara uku ke nan HandBrake nake amfani da shi wajen matse bidiyo a kwamfuta. Kyauta ne, babu talla, ba ya manna tambarinsa a kan bidiyo.

Abin da ya sa na fi son shi, ba sai kin ƙayyade masa bitiret ba. Akwai wata lamba da ake kira RF, ke za ki faɗa masa irin kyawun da kike so, shi kuma ya zuba bayanai da yawa inda hoto ke motsi, ya rage inda babu motsi. Lambar tana aiki a juye: idan ta yi sama fayil ya ƙanƙance, kyau ya ragu. Masu manhajar sun ba da shawarar 20 zuwa 24 ga 1080p. Ƙarin 6 a lambar yakan rage girman kusan rabi, don haka kar ki yi tsalle, ki riƙa matsawa ɗaya-ɗaya. Ni a 23 nake barin nawa. Amma malaminmu a zaune yake, bango a bayansa. Ke kina da tururi da mai yana tafasa, waɗannan sun fi komai wahalar matsewa, ki fara da 21 ko 22.

Kar ki matse duka minti 14 kina gwaji. A sama akwai inda ake zaɓar daga daƙiƙa kaza zuwa kaza. Zaɓi daƙiƙa 30 daidai wurin da ramukan suke fitowa, ki gwada lambobi biyu ko uku, ki tura wayarki ki kalla. Wanda idonki ya yarda da shi, shi za ki sa wa sauran.

Ki bar nau'in fayil a MP4, tsarin matse hoto kuma a H.264. Akwai H.265 wanda ya fito a 2013, shekara goma bayan wancan, yana ba da fayil ƙarami da kyau iri ɗaya. Sai dai yana daɗewa wajen matsewa, kuma wasu tsofaffin wayoyi suna sarƙewa da shi. Na taɓa tura irinsa ga dattawan unguwarmu, mutum uku suka ce murya kawai suke ji. Idan YouTube kaɗai za ki ɗora babu laifi, idan za ki raba wa mata kai tsaye ki tsaya a H.264.

Murya kuma, tsarin matse sauti na AAC a kilobit 128 ya wadatar. A minti 14 ba ta wuce mega 14 ba, ba nan nauyin yake ba, kar ki taɓa ta.

Anti Mai Dambu, Kaduna

Maman Ilham, 'yar'uwa, ni ban iya waɗannan lambobin ba, amma na sha wannan wahalar. Tambaya zan yi miki: a ina kike ɗauka, kuma wa ke riƙe wayar?

Da a kicin nake ɗauka da fitila ɗaya, ɗiyata tana riƙe da waya. Duk yadda aka matse sai ya lalace. Wani ɗan maƙwabtanmu mai aikin ɗaukar biki ya ce min wayar idan ba ta samu haske ba tana cika hoton da ɗigo-ɗigo kamar yashi, kuma manhajar ba ta san datti ba ne, sai ta ɓata wuri tana adana shi. Ya ce bidiyo ba kowane hoto yake ajiyewa cikakke ba, bambancin da ke tsakanin wannan da na gaba yake riƙewa, saboda haka hannu yana rawa komai na cikin hoton ya canza ke nan. Na fitar da murhuna tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ina ɗauka da hantsi, na sayi sandar ɗora waya mai ƙafa uku. Wallahi bambancin ba kaɗan ba ne.

Sannan minti 14 ya yi yawa a masa. Markaɗe daƙiƙa biyar ya isa, kowa ya san injin markaɗe. Kuma ni a 720p nake ɗauka tun farko, tunda masu kallona duk a waya suke.

Na Farm Centre, Kano

Anti, maganar haske da sanda gaskiya ce, na ma fi ba ta muhimmanci a kan lissafina. Amma ɗauka a 720p ban goyi baya ba ga mai girki. YouTube sai ya sake matse duk abin da aka ba shi, ya yi masa kwafi manya da ƙanana. Idan abin da ya karɓa ya riga ya yi rauni, na biyun ya fi lalacewa. Gara ta ɗauka a 1080p, ta rage wajen fitarwa in data ta yi ƙaranci, na asalin yana ajiye a memori. Abin da za ta kashe a kamara shi ne 4K da firem 60.

Hajiya, idan za ki tura wa maigida ya matse miki a can, ki tura ta WhatsApp a matsayin fayil, ba ta wurin hotuna ba. Ta wurin hotuna yana rage shi, a matsayin fayil kuwa yana kai shi yadda yake, har giga 2. Amma datar da kike gudu ita za ki kashe, gara ki jira ki zuba ta kebul.

Maman Ilham, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Anti, kamar kina gidanmu: a kicin na ɗauka bayan magariba, Ilham ce ke riƙe da wayar.

Jiya maigida ya dawo muka zauna. Na cire markaɗen da wurin da nake jiran tanda ta yi zafi, ya koma minti 9. Muka gwada daƙiƙa 30 ɗin kamar yadda Malam na Damagaram ya ce. A 24 ramukan sun fara haɗewa, a 22 suna nan ɗaya bayan ɗaya har da ƙyallin man. Muka sa 22, ya fito mega 410, kuma daren jiya ya hau kafin ƙarfe biyu.

Saura abu ɗaya. Wajen ƙarshe bakina yana riga muryata da kaɗan, a farko kuwa daidai suke. Mene ne ya jawo haka?

Ɗan Damagaram

Alhamdu lillahi. Wannan yawanci daga waya ne Hajiya, ba ta riƙe adadin firem ɗaya, takan rage shi musamman a wuri mai duhu. A shafin bidiyo na HandBrake, wurin firem, ki zaɓi 30 sannan ki danna Constant Framerate. Idan bai daidaita ba, to tun wurin haɗawa ya goce, sai ki fara bi da guntayen na asali ta HandBrake da wannan saitin kafin ki haɗa su. Ki gwada da minti na ƙarshe, a nan za ki gane.