Tol na ɗigar ruwa a ɗakin aladu alhali ba damina ba, mi ke kawo shi?

Maso_Harobanda:
Assalamu alaikum yan uwa, don Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka min. Ni maso ne nan Yamai, wani ɗan Benin ya ba ni aikin ɗakin aladu can hanyar Say, na gina mai da bulo har sama na rufe da tol, taga biyu ƙanana kawai na bari don shi ya ce yana tsoron ɓarayi. To yanzu lokacin sanyi ne amma kullum da asuba sai ya tarar ruwa na ɗiga daga tol kamar an yi yayyafi, in ka shiga kuma zahi da wari su tare ka tun daga ƙofa, ya kira ni wai rufina ke yoyo, yoyon mi a watan Janairu?? aladu 20 ne manya a ciki

Ɗan Adar:
Hhhh maso duk gine ginen Yamai ba ka samu ba sai na alade. Allah shi kyauta

Maso_Harobanda:
Ɗan uwa ni gini aka biya ni ba ci aka ce in yi ba, in kana da amsa ka ba ni

Beterner_Tawa:
Wa alaikumus salam malam maso. Rufinka lahiya lau yake, ruwan nan daga jikin dabbobin yake fitowa. Alade mai kilo 100 na fidda zahi wajen watt 200 ko fiye, kusan ninki biyu na mutum da ke zaune, to 20 ɗin nan kilowatt 4 ke nan, kamar ka kunna dutsen guga huɗu dare da rana ka ja ƙofa ka rufe. Kuma zahin iri biyu ne, akwai wanda ke ɗuma iska kai tsaye akwai wanda ke fita cikin tururin numfashi, ga fitsari da ruwan wanke ƙasa su ma suna tashi sama, duk wannan laimar in ta taɓa tol da ya yi sanyi cikin dare sai ta koma ruwa, daidai da murfin tukunya. In ka lissafa kowane ɗaya zai iya sakin lita 2 zuwa 3 a yini ta numfashi kaɗai, ka ga ɗakin na haɗiye kusan bido biyu kullum ba hanyar fita.

Amma ni ba ɗigar ke ba ni tsoro ba, Afrilu da Mayu nake hange lokacin da Yamai ke wuce digiri 40. Alade ba ya zufa kamar mu, shi ya sa kake ganin shi yana birgima cikin taɓo, ba son ƙazanta ba ne sanyi yake nema. Babba ya fi jin daɗi wajen digiri 18 zuwa 20, da an wuce 30 ya fara haki ya rage ci, cikin wanga ɗaki naka kuwa wallahi sai dai a kwashe gawa. Ka rushe bango ya dawo kamar metir ɗaya da ɗan kai, sama a sa giriyaji ko ƙarfe saboda ɓarayin, ka buɗe tsakiyar rufi iska mai zahi ta samu mafita, a shimfiɗa zana bisa tol. Ƴan jarirai ne kaɗai ke son ɗumi, su wajen digiri 30 zuwa sama a satin farko, sai a yi musu lungu nasu daban.

Maman Nafissa:
Ni kaji nake kiwo a Talladje amma duk kanwar ja ce, bara na lulluɓe ɗakin da leda saboda hunturu kwana uku ɗiɗɗigar katakon ta jiƙe sharkaf ido na yaji in ka shiga, kajin suka kama tari. Docteur ashe yajin nan daga kashinsu ne ko?

Beterner_Tawa:
Eh Maman Nafissa amoniya ce, laima ke ƙara tada ta. Na manta ban faɗa ba, yayyafa wa aladun ruwa a jiki yana aiki sosai da rani don iskarmu busassa ce nan da nan ruwan ya bushe ya tafi da zahin, amma cikin Agusta iska ta riga ta ƙoshi da laima, in ba bantilater ko iska mai ratsawa jiƙa ɗakin kawai za a yi

Maso_Harobanda:
Na gode docteur Allah shi saka. Gobe zan je da guduma, saura rigimar wa zai biya kuɗin giriyajin don ni dai na gaya mai tun farko tagogin sun yi ƙanana