Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ta hau kan yaran sakandaren Amurka kuwa?

Ɗan Kwalli: Jama'a salamu alaikum. Jiya muka yi musu da wani abokina a kan wannan karin maganar, na ce bari in kawo ta gaban masu ita. Zancen yaran sakandare ne a Amurka masu buga ƙwallon kwando da zari-ruga irin tasu. Da can haramun ne yaro ya karɓi ko sisi don ya tallata kaya da sunansa. Daga 2021 abin ya sauya, yanzu jihohi sama da 30 sun yarda. Misalin da na ba shi kuwa LeBron James ne, shahararren ɗan ƙwallon kwandon nan. A 2003, yana ajin ƙarshe na sakandare a garin Akron, hukumar wasannin sakandare ta jihar Ohayo ta dakatar da shi saboda ya karɓi riguna biyu kyauta daga wani kanti, kuɗinsu dala 845. Alhali ana nuna wasansa a talabijin, har sai da aka mayar da wasanninsu babban zauren jami'ar garin don na makarantar ya yi wa 'yan kallo kaɗan. Na ce masa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ce ban iya Hausa ba. To ku raba mu.

Malam Na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Tukuna dai, mu a wajenmu "gardi da kwashe kuɗi" muke cewa, kuma ta fi zafi, don mai kwashewa ba ya barin komai. Asalinta wasan kura ne. Ina yaro na sha gani ranar kasuwa: kura da takunkumi a baki, sarƙa a wuya, gardi da warki da kulki, ana kiɗa. In ta yi gardama ta sha kulki, jama'a su yi sowa su watsa kuɗi. Da yamma gardi ya ƙirga abinsa, ita ko a jefa mata ƙashi. Sharaɗin maganar biyu ne: mai wahala daban, mai cin riba daban, kuma mai wahalar ba shi da bakin magana. A kan LeBron na 2003 ta hau daram. Abokinka ne bai iya Hausa ba.

Uwar Biyu: Malam, a yi mini afuwa, ban yarda gaba ɗaya ba. Kura kamo ta aka yi daga daji. Yaron nan shi ya kai kansa fili, yana so, ana koyar da shi kyauta, ga karatu. Kuma wace kura ce bayan wata huɗu ta sa hannu a kwantiragin kamfanin kayan wasanni na Nike na kusan dala miliyan 90? Ai a watan Mayun wannan shekarar ya samu. Wannan ba kura ba ce, ɗan gardi ne da ake koya wa sana'a.

Ɗan Kwalli: Hajiya, to ai shi ɗaya ne. Wanda gwiwarsa ta tashi aiki a ajin ƙarshe fa? Shi ya sha bugun, kuɗin ƙofa kuma an riga an kwashe.

Baƙon Kolumbus: Ni a nan Amurka nake zaune, a birnin Kolumbus na jihar Ohayo, ɗana yana buga kwando a sakandare, bari in ɗan gyara muku hoton. Yawancin wasannin nan babu wani kuɗi a cikinsu. Daren wasa za ka ga iyaye ne a kan benci, wata uwa tana sayar da gugguru da lemo a bakin ƙofa don a tara kuɗin motar da za ta kai yara wasan waje. Kocinsu malamin lissafi ne, ɗan alawus ake ƙara masa. In ka kira wannan bawan Allah gardi ka ɗauki alhakinsa.

Amma akwai inda maganar Ɗan Kwalli take da ƙarfi. A garin Allen na jihar Teksas an gina wa makarantar sakandare filin wasa na kusan dala miliyan 60, mai cin mutum 18,000, aka buɗe shi a 2012. Inda ake irin wannan, a ce yaron da ya cika filin ba zai ɗauki hoto da mai gidan abinci a ba shi dala ɗari biyu ba, akwai abin dubawa.

Sannan ku lura, ba makarantar ce ke biyan yaro ba. Abin da suke kira NIL hakkin mutum ne a kan sunansa da hotonsa da kamanninsa. Kamfani ne ko ɗan kasuwa ke biya. Galibin jihohi sun hana a sa rigar makaranta ko tambarinta a tallar, sun kuma hana tallar giya da taba da caca. Kuma ana biyan haraji a kai.

Malam Na Bakin Kasuwa: To ashe an sassauta takunkumin ne, ba a cire ba.

Ƙanwar Maza: Ni wata maganar ce ta faɗo mini: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Baba Malam, ba ta fi dacewa ba? Kamfani ba sadaka yake yi ba. Ya ba ka kuɗi, sai ka ɗora hoto a Instagram ranar da ya ce, ka je inda ya ce, ko da gobe kana da jarrabawa. Ɗan shekara goma sha shida ya san askin da ya ɗauko?

Malam Na Bakin Kasuwa: 'Yata, kin kawo magana, sai dai ki kula da inda ake ajiye ta. Ba a faɗin ta don a hana mutum karɓar lada. Ana faɗin ta ne bayan ya karɓa ya lamushe, sannan ya fara yatsina fuska. Tunatarwa ce ga mai son zamewa. In kina son ta gargaɗi tun kafin a karɓa, kwaɗayi mabuɗin wahala ta fi kusa.

Ƙanwar Maza: Na karɓi gyara, Baba. Amma kalmar kwaɗayi ta yi nauyi a kan yaron da uwarsa ke aiki biyu don biyan haya.

Baƙon Kolumbus: Ga wani labari da kowane ɓangare ke jan sa. Quinn Ewers, ɗan wasan zari-ruga na sakandaren Southlake Carroll a Teksas. A 2021 dokar jiharsu ta hana ɗan sakandare irin wannan ciniki, sai ya bar shekararsa ta ƙarshe ya taho Jami'ar Jihar Ohayo a watan Agusta, inda aka ruwaito ya ƙulla cinikin sa hannu a kan kayan da ake sayar wa masoya wasa na dala miliyan 1.4. A kakar gaba ɗaya sau biyu kacal aka miƙa masa ƙwallo a wasa. A Disamba ya tattara ya koma Jami'ar Teksas. Masu goyon baya suna cewa hanin ne ya kore shi daga aji. Masu adawa suna cewa kuɗin ne ya fizge shi.

Uwar Biyu: Sauri ya haifi nawa kenan.

Ɗan Kwalli: Nawa da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a aljihu, Hajiya? Allah ya ba ni irin wannan nawar.

Uwar Biyu: Kai dai ka cika son kuɗi. Abin da ke damuna daban ne. Yaron da bai kai sha takwas ba, ba shi ke sa hannu shi kaɗai ba, sai da uba ko uwa. Ga dillali da kasonsa, ga kawu da ya tuna da zumunci rana tsaka. Kuna murna an kori gardi, ni kuwa gani nake ya sauya riga ya shigo cikin gida. Na makaranta ko ba komai akwai hukuma a kansa. Na cikin gida wa zai kai shi ƙara?

Malam Na Bakin Kasuwa: Hajiya, yau kin fi ni. Ban taɓa kallon ta ta nan ba. Karin maganar ba ta ce gardi baƙo ne ba.

Ɗan Kwalli: Duk da haka ina nan kan bakata. A Oktoban 2022 Nike ta sa hannu da Bronny, ɗan LeBron ɗin nan, yana sakandaren Sierra Canyon a Kalifoniya, tare da JuJu Watkins 'yar makarantarsu. Abin da aka hukunta uba a kansa saboda riguna biyu, ɗa ya yi shi da rana tsaka ana tafi. Yaro da gari abokin tafiyar manya.

Ƙanwar Maza: Yaya, wannan ma ai ba yabo ba ce zalla. Garin ake bi, ba yaron ba. Ran da ya ƙare a mararraba za a bar shi.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ana faɗin ta ta fuska biyun, ya danganta da muryar mai faɗa. Baƙon Kolumbus, tambaya gare ka: in gobe mai shagon takalma ya zo neman ɗanka, za ka sa hannu?

Baƙon Kolumbus: Malam, tukuna ya fara samun shiga fili. Wasa uku kenan yana benci yana miƙa wa mutane ruwa. In mai shagon ya zo, uwarsa ce za ta karanta takardar, ta fi ni ido.

Uwar Biyu: To ka gaya mata ta buɗe masa asusu da sunansa, kada kuɗin su bi ta aljihunka.